Yadda Farar Shinkafa Ta Raba Ni da Injina

Da sunan Allah wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ni ne Iro mai inji na Bomo. Duk wanda ya taɓa kawo shinkafa casa a bakin hanyar Samaru ya san ni, ko aƙalla ya san muryata, don ƙarar inji ta koya mini magana da ƙarfi har a masallaci. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba, don haka wanda ya ga harafi a karkace ya miƙe shi da kanshi. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne na yi ciwon yunwa cikina a ƙoshe, har na leƙa kushewa na dawo, kuma ban taɓa jin wani ya ba da labarin irinshi ba.

Mafarin abin, 'yarmu da ke aure a Kaduna ta haifi tagwaye bakwaini. Mai ɗakina Ladi ta tafi jego da niyyar arba'in. A makon da za ta tafi aka cire mini haƙoran tauna, waɗanda goro ya gama da su, bakina ya zama gyambo. Ta bar wa ƙanwarta Hanne amanar abincina. Hanne tana bayan gidanmu, abokiyar wasata ce tun tana yarinya, kuma mace ce da ba ta yarda an yi miya ba sai mai ci ya share hawaye. Lomar farko da na kai bakina, barkono ya tarar da gyambon nan, sai da na yi salati a tsaye.

To, akwai ɗaliban jami'a da ke haya a ɗakunan zaurena. Na miƙa musu kwanon. Suka lashe shi tas, har suka wanke. Aka mayar wa Hanne kwano fes, ta ji daɗi. Washegari haka, jibi haka. Ɗaliban suka fara gaishe ni tun daga nesa.

Ni kuwa na samu abin da na daɗe ina nema. Tun da muka yi aure Ladi take ɓoye mini suga kamar ana ɓoye wa ɓera daddawa. Yanzu ga gida babu mai tsaro. Na zaɓi ɗanyar shinkafa irin ta tuwo, wadda ba a turara ba, na sa ta a inji, na sake maimaita ta har ta fito fara sol kamar alli, babu ko ɗigon dusa a jikinta. In zan dafa sai in wanke ta har ruwan ya koma garau. In jefa 'yar kanwa don ta yi saurin narkewa. In ta zama kamar kunu sai in zuba suga, in ɗanɗana, in ƙara. In kora da baƙin shayi. Safe, rana, yamma. Bakina ya warke tun a makon farko, amma ban gaya wa kowa ba, don lokacin na riga na zama sarki.

Tagwayen suka ƙi ƙwari da wuri, arba'in ɗin Ladi ta zama watanni. In ta kira a waya ta ce, "Malam, kana cin abinci?" sai in ce, "Sau uku." Ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Wajen wata na uku jiki ya fara magana. Injina na gas ne, tsoho, irin wanda ake tayarwa da hannun ƙarfe: ka zura, ka juya babban wili har ya ɗauka, ka saki. Shekara da shekaru ina yin wannan ina hira. Sai na ga ina juyawa ina tsayawa in huta. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar na ɗaura musu buhu. In na matsa sha-raɓar ƙafata sai in ji zafi. Daga nan tafin ƙafa ya fara wani abu kamar cinnaku na yawo a ciki. Wata rana na dawo daga masallaci da takalmi ɗaya, ban san inda ɗayan ya tsaya ba, sai wani ya biyo ni da shi.

Hanne ta ce tsufa ne, dama na daɗe ina yi wa tsufa rashin kunya. Abokan zamana na bakin inji suka ce sanyi ne, aka kawo mini jiƙo mai ɗaci. Wani ya ce basir ne ya sauka ƙafa. Ni dai duk abin da aka ba ni na sha, in na gama in wanke ɗacin da kununa.

Mako na biyu da fara ciwon ƙafafun suka kumbura. In ka danna da yatsa sai ramin ya zauna yana kallonka. Na hau babur zuwa Muchia wurin Emeka mai kemis. Emeka a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinshi ta fi tawa tsabta, kuma mun daɗe tare, don matarshi a wurina take casa.

"Baba Iro, wannan ƙafa ta asibiti ce," in ji shi.

"Asibiti na masu lokaci ne. Ni buhuna na jirana."

"Ka san dai ni ba likita ba ne."

"Da likita ne kai ai da ban zo ba. Ba ni abin da zai zuƙe ruwan."

Ya ba ni maganin zazzaɓi da na taifot, don a garin nan ko ƙaya ka taka da su ake farawa, ya haɗa da wata ƙaramar ƙwaya mai sa fitsari. Na yi ta zirga-zirga bayan gida. Kumburin ya ɗan sauka, na yi ta yi wa Emeka kirari, sannan ya dawo da 'yan uwanshi har gwiwa. Zuciyata ta fara gudu ko ina zaune. In na kwanta sai numfashi ya tsaya a wuya, dole in tashi in jingina da bango.

A mako na uku ne ɗana Sani ya zo. Shi ne na ukun 'ya'yana, yana aikin walda a Basawa. Ya tarar da ni ina tayar da inji. Wili ya ɗauka, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba, na tafi luu zan faɗa kan bel. Ya cafke ni ta wuyan riga. Ya kashe injin, ya zare hannun ƙarfen, ya ɗaure shi a bayan babur ɗinshi.

"Ina za ka kai mini shi?"

"Ajiya, Baba. Akwai wani mutumin Giwa da ya daɗe yana tambayar injin nan. Ka yi aikinka, ya isa."

"Injin da ya biya maka kuɗin koyon walda shi za ka sayar? Kai ma in ka tsufa sai a kira mutumin Giwa."

"Ka warke tukuna, sai mu yi faɗan."

Tun daga ranar, ciwon ya zama mini abu biyu. Ina son in rayu, gaskiya ne, amma abin da nake kwana da shi nake tashi da shi, shi ne hannun ƙarfen nan. Mutum in an raba shi da sana'arshi, ko yana numfashi zaman makokin kanshi yake yi.

Sani ya kai ni babban asibiti. Mun isa da sanyin safiya, muka tarar waɗanda suka fi mu wayo sun riga sun cika benci. Layin kati daban, layin biya daban, layin awo daban, kuma kowane taga ka kai sai a ce ba nan ba ne, can ne. Muka ga likita bayan azahar. Saurayi ne, ya gaji, bayanshi akwai mutum kamar kasuwa. Ban ga laifinshi ba. Ya auna jini bai hau ba. Aka duba suga, ta fito daidai, abin da ya ba ni mamaki har na ji wani girman kai. Ya ce zuciya ce ta ɗan gaza, abin da ke samun tsofaffi. Ya tambaye ni, "Baba, kana cin abinci?" Na ce, "Sau uku." Ya rubuta hoton zuciya da wasu gwaje-gwaje, ya ƙara mini ƙwayar fitsarin nan, ya ce mu dawo bayan mako biyu.

Gwaje-gwajen suka cinye abin da ke hannun Sani. Aka kai ragon Ladi kasuwa, wanda take turke da shi don layya. Rago ne da sai mutum biyu suka ɗora shi a mota, don da dusar injina aka yi kiwonshi, a ƙoshe yake kamar ɗan sarki.

Labari ya bazu, 'yan dubiya suka fara zuwa. Ku kun san al'adarmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma abin da ake kai wa mai rashin ƙarfi sananne ne: lemon kwalba, garin gulukos, rake. Kowa ya ajiye ya ce, "Sha ka samu ƙarfi." A lokacin, cin abinci ya fita raina, sai ruwa-ruwan nan kawai. Na sha na alheri, na sha na zumunci. Kullum ƙarfin yana ƙara nisa.

Sai wani abokina ya ce, "Iro, kai ƙarin ruwa kake bukata. Leda ɗaya za ka miƙe." Wannan magana ta shige ni, don a wurinmu babu ciwon da ƙarin ruwa ba ya gyarawa. Na sa aka kai ni Muchia ba da sanin Sani ba. Emeka ya ƙi. Na ce mishi ashe abota ta ƙare. Na ce in na mutu a shagonshi zan mutu, a bakin ƙofa, ranar kasuwa. Na yi ta yi har ya gaji, ya kwantar da ni a bencin ciki, ya rataya ledar ruwan suga.

Ledar ba ta kai rabi ba na ga Emeka ya zama biyu. Na gaya mishi, ya yi dariya, sannan ya daina. Numfashina ya koma irin na wanda kare ya biyo. Daga nan abin da zan faɗa Sani ne ya ba ni labari, don ni ba na nan. Wai Emeka ya zare allurar, ya tare keke mai ƙafa uku, ya rungume ni har asibiti yana kiran sunan Yesu, ni kuma ina kiranshi da sunan yayana da ya rasu tun ina saurayi.

Aka kwantar da ni a ɗakin gaggawa, aka sa mini robar iska a hanci. Emeka ya sanar da Sani, Sani ya kira uwarshi. Ladi ta taso daga Kaduna, ta biya gida don ta ɗauki tabarma da bokiti. A nan ta shiga madafa. Ta ga tukunyar, ta ga buhun farar shinkafar ya kusa ƙarewa, ta ga ledojin suga a cushe a bayan murhu. Ta kira ɗaya daga cikin ɗaliban, tambaya ɗaya ta yi mishi, ya zayyane mata komai har da yabon miyar Hanne.

Likitar da ke kaina ranar mace ce, babba, 'yar kudancin Kaduna, mai magana a hankali. Ta ce wa Sani iska na shiga jinina yadda ya kamata, suga na nan a jinin, amma jinin ya yi tsami, kuma abin ya tsananta ne bayan an ƙara mini ruwan suga. Sai ta ce, "Ka yi haƙuri da tambayar nan. Babanku yana shan giya?"

Sani ya miƙe zai yi rigima. Daidai nan Ladi ta shigo da tukunyar a hannu, ba ta ko wanke ta ba.

"Likita, giya dai ba ya sha. Ga abin da yake sha. Wata huɗu, shi kaɗai, ba miya, ba wake, ba nama."

Likita ta leƙa tukunyar, ta yi wa Ladi 'yan tambayoyi, ta rubuta wata allura. Aka je kantin maganin asibiti, babu. Wannan ina da ƙorafi a kai har gobe: asibiti mai hawa da benaye, a rasa allurar da kuɗinta bai kai na lemon da aka yi ta kawo mini ba. Emeka ne ya rufe shagonshi, ya bi Sabon Gari kanti kanti a kan babur har ya samo ta.

An yi mini ita da la'asar. Kafin a kira magariba numfashina ya fara sauka. Washegari na farka na ga Ladi guda ɗaya ce, kuma ɗayar ma ta ishe ni.

"Sannu, Malam," in ji ta. "Sau uku, ko?"

Na rufe ido na yi kamar ciwon ya dawo.

Cikin 'yan kwanaki ruwan ƙafar ya zube, zuciya ta koma tafiyarta. Masu jinya na ɗakin suka riƙa zuwa kallona, don sun ga yadda aka shigo da ni. Ranar da likita ta zo zagaye na ce mata ni fa ban gane ba. Na ci, na ƙoshi, suga ma an ce tana cikin jinina. To ina ƙarfin ya tafi?

Ta tambayi sana'ata, na gaya mata. Ta ja kujera ta zauna.

"Baba, in ka cika tankin injinka da gas, shi ke nan inji ya tashi?"

"Ina fa. Sai gas ya isa ciki, ya haɗu da iska, ya ƙone."

"To jikinka ma haka ne. Ciki tanki ne kawai. An gina jikin mutum da wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya ita take haɗa ƙarfinta da kanta. Shinkafar da ka ci tana zama suga a hanji, jini ya kai wa kowace ƙwaya rabonta. Ƙwayar ta fara raba sugar gida biyu, ta samu ɗan ƙarfi kaɗan. Babban ƙarfin yana gaba. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan injuna, sunansu mitokondiriya. Sai gutsattsarin sugar nan sun shiga cikinsu, a ƙarasa su da iskar da ka shaƙa, sannan ƙarfi ya fito sosai. Abin da ya rage ruwa ne da iskar da kake fitarwa."

Na ce ashe shi ya sa jikin mutum yake da ɗumi, wuta ce ke ci a ciki. Ta ce ɗumin daga nan yake, amma babu harshen wuta, a hankali ake yi, mataki mataki, don da a tashi ɗaya ake ƙonawa da tuni na zama gasasshe. Na ce to salansa fa, hanci ne ko ɗaya wajen? Majinyacin gadon kusa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ce hanci ne.

"To ga inda taka ta lalace," in ji ta. "Kafin gutsattsarin su shiga injin, akwai wata ƙofa, kuma ƙofar ba ta buɗuwa sai da wani sinadari, tayamin. Ɗan kaɗan ake bukata, amma jiki ba ya iya ajiye shi da yawa, 'yan makonni ya ƙare. Naka ya ƙare. Suga ta yi ta zuwa tana tarar da ƙofa a rufe, ta taru, ta yi tsami. Zuciya da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa su suka fi kowa cin ƙarfi, su suka fara kuka. Ƙwayar fitsarin ta wanke ɗan abin da ya rage. Ruwan sugar da aka ƙara maka kuma, lodi aka ƙara wa ƙofar da ba ta buɗuwa."

Na ce wannan tayamin ɗin a wace ƙasa ake samunshi?

"A wake, a gyaɗa, a hanta, a nama. A hatsi kuma yana jikin fatar ƙwayar, wadda kuke cirewa."

"Dusa?"

"Dusa. Shinkafar da aka turara kafin a casa, wani abu daga ciki yana shigewa cikin ƙwayar, shi ya sa ta fi. Taka ba a turara ba, ka goge ta sau biyu, ka wanke sauran, abin da ya tsira kuma kanwa ta kashe shi."

Na hau lissafi. Wato ni da hannuna na raba shinkafa gida biyu, na ba rago mai amfanin, na ci fankon. Sannan aka sayar da ragon don a gano abin da ke damuna. Ladi ma ta gama nata lissafin, don na ga yadda take kallona.

Aka sallame ni bayan mako biyu. Ba zan ɓoye ba, zaman asibiti akwai wuya. Ruwa saye muke yi, bayan gida sai mai ƙarfin hali, Ladi a kan tabarma take kwana a baranda sauro na cinta. Amma ma'aikatan jinyar nan sun ɗauke ni sun juya ni lokacin da ban san sunana ba, kuma ba su taɓa yi mini tsawa ba sai ranar da aka kama ni da alewa. Allah ya saka musu. Allah ya saka wa likitar nan da ta leƙa tukunya. Emeka ya zo gida ya durƙusa yana ba da haƙuri, na ce ya tashi, ni na matsa mishi. Ya ce ko gwamna ya zo ba zai ƙara rataya leda a shagonshi ba.

A gida aka kafa mini gwamnatin soja. Faten wake ba kanwa, kunun gyaɗa, hanta in an samu, tuwon dawa da ba a surfe ta har ta mutu ba, ga ƙwayar tayamin kullum. Hanne ta dawo da kwanonta, amma yanzu zama take yi a gabana har in gama.

"Ci, angon suga. Ɗalibanka sun rame, suna gaishe ka."

"Wannan barkonon naki shi ya kore ni tun farko."

"Barkonona bai taɓa kwantar da kowa a asibiti ba."

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In kun je dubiya, kada ku tsaya a "yana cin abinci?" Ku tambaya me yake ci, ku leƙa tukunyar, musamman tsoho da ke zaune shi kaɗai. Kwanon da ya dawo a wanke ba shaida ba ne. Wanda ƙafarshi ta mutu ko ta kumbura, yana haki, kada a bi shi da kayan zaƙi, kada a rataya mishi leda a shago, a kai shi inda za a duba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Zuciya ta warke da wuri, ƙafafu ne suka yi taurin kai. Likita ta ce jijiya a hankali take farfaɗowa, wani lokaci ba ta dawowa duka. Na fara da sanda, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallaci. Bayan wasu watanni na ajiye sandar. Cinnakun suka tafi, amma tafin ƙafar hagu ya zauna kamar na aro shi. Wannan ban gaya wa kowa ba. Kullum Sani ya zo maganata ɗaya ce, hannun inji. Mutumin Giwa kuma bai daina aike ba.

Rannan Ladi ta gaji da mu. Ta ce wa Sani, "Ka kawo mishi ƙarfenshi. In ya taka da ƙafarshi har wurin, ya tayar da injin da kanshi, a bar mishi abinshi. In ya kasa, ya yi mana shiru."

Muka tafi da hantsi mu uku. Na ƙi hawa babur. Na buɗe rumfar, ƙura ta rufe komai, gizo-gizo ya yi gida a bel. Na duba mai, na zuba gas, na share abin da zan share. Maƙwabta suka fara taruwa. Na zura hannun ƙarfen, na gyara tsayuwa, na yi bisimilla, na juya. Da nauyi, amma ƙarfin yana nan, na ji shi yana tasowa tun daga baya har kafaɗa. Wili ya ɗauka. Na saki. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama waƙarshi. Mutane suka yi ta sannu da aiki. Na juyo ina neman idon Sani don in ga yadda kunya take a fuskar mai walda.

Ba ni yake kallo ba. Shi da uwarshi ƙasa suke kallo.

Na bi idonsu. Takalmina na hagu yana can bakin ƙofa, ban san lokacin da ya fita ba. Ƙafar tana kan wani yankin tsohuwar rariyar inji, bakin ƙarfen ya shige tafin, jini ya jiƙa ɓuntun da ke ƙasa har ya yi baƙi. Ban ji komai ba. Ko a lokacin da nake kallo ban ji ba. Tsakanin ƙafar da bel ɗin da ke gudu bai fi taku ɗaya ba.

Sharaɗin Ladi na cika shi, kuma babu wanda ya ce ban cika ba.  Ladi ta kwance ɗankwalinta tana ninkewa don ta ɗaure mini.

Na bar injin ya ɗan ƙara gudu, don ya daɗe bai motsa ba. Sannan na miƙa hannu na kashe shi da kaina. Na zare ƙarfen, na goge shi da bakin rigata, na miƙa wa Sani.

"Ka ce wa mutumin naka ya zo ranar Laraba. Amma ni zan yi cinikin, kai ba ka san darajarshi ba."

Ya zo, mun yi ciniki, na kuma wahalar da shi yadda ya kamata. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti, ya ba masu jinya haƙuri da irinmu.